Wa Ya Tilasta Wa Na'urorin Faiba Su Fahimci Juna?

Akwai wata 'yar na'ura da masu aikin sadarwa ke kira SFP. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ana zura ta ne a wata kafa da ke gaban akwatin sadarwa, aikinta kuma shi ne ta mayar da saƙon lantarki ya zama haske, ta tura shi cikin zaren gilashi, ta karɓi wanda ya dawo ta mayar da shi lantarki. Wata rana ina tsugune gaban kabad ɗin na'urori, wani layi ya mutu, mutane na jira, na ciro sabuwa fil daga leda na zura. Fitilar ba ta kama ba. Na zare, na goge bakin zaren, na sake zurawa. Shiru. Da na duba allon kwamfuta sai na ga akwatin ya rubuta cewa bai san wannan na'ura ba, don haka ya rufe kafar.

Babu abin da ya sami na'urar. Hasken da take fitarwa na nanomita 1310 ne (awon tsawon igiyar haske, wato launinsa), daidai da wadda ta mutu. Nisan da take kaiwa kilomita 10 ne, gudunta gigabit 10, duk kamar yadda ƙa'ida ta tsara. Laifinta ɗaya: a cikin 'yar ma'ajiyar da ke jikinta ba a rubuta sunan kamfanin da ya ƙera akwatin ba, shi kuwa akwatin an koya masa ya fara tambayar suna kafin ya buɗe ƙofa. Layin ya ci gaba da zama a mace har aka samo wadda ke ɗauke da sunan, wadda kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa, alhali aikinsu ɗaya.

Abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma shi ya sa na koma bin tarihin ƙa'idojin da aka gina sadarwar faiba, wato ta zaren gilashin nan, a kansu. Abin da na fito da shi daga wannan bibiya shi ne cewa kusan duk wata ƙa'ida mai amfani da muke cin moriyarta yau, mai saye ne ya matsa aka yi ta. Mai ƙera kaya ya fi jin daɗi idan ka shiga gidansa ka kasa fita. Duk inda masu saye suka haɗa kai suka ce ba su yarda ba, an sami ƙa'ida mai ƙarfi, duk kuma inda suka yi sakaci, makulli ya dawo ta bayan gida.

Labarin gilashin kansa an sha ba da shi, don haka ba zan daɗe a kai ba. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a wani ɗakin bincike da ke Harlow a Ingila, suka nuna cewa abin da ke cinye haske a cikin gilashi datti ne da ke gauraye da shi, kuma idan aka tace shi har asarar ta sauko ƙasa da desibel 20 a kilomita, za a iya aika saƙo da shi. Desibel 20 na nufin kashi 1 cikin 100 na hasken ne zai kai ƙarshen kilomita guda. A 1970 Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz na kamfanin Corning suka cim ma wannan mizani. A 1977 aka fara ɗora kiran tarho na gaske a kan faiba a Long Beach da Chicago a Amurka. Zuwa 1979 masu bincike na NTT, kamfanin tarho na Japan, sun sauko da asarar zuwa desibel 0.2 a kilomita, wato sai haske ya yi tafiyar kilomita 15 kafin ya rasa rabin ƙarfinsa. Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009, kuma ya cancanta.

Sai dai gilashi mai tsabta bai isa ya zama hanyar sadarwa ba. Dole na'urar da ke wannan kai da wadda ke wancan kai su yarda a kan launin hasken, da saurin ƙyaftawarsa, da inda saƙo ya fara da inda ya ƙare, da abin da za a yi idan an yanke zaren. A nan ne aka yi ta fama, kuma wannan famar ce ba a cika ba da labarinta ba.

Kafin faiba ta zo, duniya ta riga ta rabu a kan yadda ake tattara kiran tarho. Kowa ya yarda cewa za a ɗebi samfurin murya sau 8,000 a sakan, kowane samfuri bit 8 (bit shi ne ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta, 0 ko 1), abin da ya ba da kilobit 64 ga kira ɗaya. Daga nan aka watse. Amurka ta fito da T1 a 1962, tana ɗaure kira 24 a layi mai gudun megabit 1.544. Turai ta yi E1, kira 30 a kan megabit 2.048. Japan ta bi Amurka a matakan ƙasa, ta kama nata hanyar a matakan sama. Hatta yadda ake matse muryar kafin a mayar da ita lambobi ya bambanta tsakanin ɓangarorin biyu na Tekun Atlantika, har ƙa'idar G.711 ta 1972 ta rungumi hanyoyin biyu gaba ɗaya don an kasa zaɓar ɗaya.

Wannan tsohon tsari, wanda ake kira PDH, yana da wani ciwo da duk wanda ya taɓa aiki da shi ba ya mantawa. Kowace na'ura da nata agogon, kuma agogunan ba sa tafiya daidai da juna, don haka idan za a haɗa ƙananan layuka su zama babba sai an cusa wasu bit na ciko don daidaita su. Sakamakon haka shi ne, idan kana da babban layi na megabit 140 da ya ratsa wani gari, kana son ka sauke E1 guda ɗaya tak a garin, ba ka da halin miƙa hannu ka ɗauko shi. Sai ka warware 140 ya koma 34, ka warware 34 ya koma 8, ka warware 8 ya koma 2, ka ɗauki naka, sannan ka sake ɗaure sauran 63 mataki-mataki su ci gaba da tafiya. Ɗaki guda cike da na'urori saboda layi ɗaya. Abin da ya fi wannan muni, ƙa'idar ta tsaya ne a ɓangaren lantarki. Da zarar saƙo ya zama haske, kowane kamfani da irin yarensa. In ka sayi na'urar kamfani a wannan kan zaren, dole ɗaya kan ma tasa za ka saya, yau da gobe da jibi.

A Amurka wannan bai dami kowa ba muddin AT&T ce ke riƙe da komai na harkar tarho, tunda ita ke ƙera na'ura ita ke amfani da ita. Ranar 1 ga Janairu 1984 aka raba kamfanin, aka fitar da kamfanonin shiyya guda 7, kuma masu jigilar kira mai nisa irin su MCI suka sami damar gogayya. Nan take matsalar ta fito fili. Zaren MCI zai haɗu da zaren kamfanin shiyya a tsakiyar hanya, to na'urar wa za a sa? MCI ce ta kai kuka a 1984 cewa a yi ƙa'idar da za ta ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar haɗuwa a kan zare ɗaya. A 1985 Bellcore, cibiyar binciken da kamfanonin shiyyar suka mallaka tare, ta gabatar da tsarin da aka sa wa suna SONET. Ku lura da waɗanda suka tayar da maganar: duk masu sayen na'ura ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da maganar ta isa kwamitin CCITT na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sai aka shiga ja-in-ja. Amurkawa sun auna tsarinsu ne don ya ɗauki layinsu na megabit 45, Turawa kuma suna son wanda zai ɗauki nasu na 140 ba tare da ɓarna ba. An kwashe shekaru ana kai ruwa rana. A ƙarshe Amurka ta sassauta, ta karɓi fasalin ƙunshi mai layi 9 da Turai ke so, ta kuma ɗan ɗaga gudun matakinta na farko zuwa megabit 51.84. In ka ninka wannan sau 3 za ka sami 155.52, wanda shi ne matakin farko na tsarin duniya da aka kira SDH. A 1988 aka amince da shi a babban taron Melbourne a Ostireliya, ƙarƙashin lambobin G.707 da G.708 da G.709. A shekarar ne kuma aka kunna TAT-8, kebul ɗin faiba na farko da ya ratsa Atlantika.

Ina son mai karatu ya ɗan tsaya ya kalli wannan ƙunshi, domin a nan ne za a ga abin da kyakkyawar yarjejeniya ke iya haifarwa. Jadawali ne mai layi 9 da ginshiƙi 270, wato bayit 2,430 (kowane bayit bit 8 ne), kuma ana aika shi sau 8,000 a kowane sakan, daidai da yawan samfurin murya. Ma'anar haka ita ce kowane gurbi ɗaya a cikin jadawalin yana ɗauke da kilobit 64 cif, kira guda. Ginshiƙai 9 na farko an keɓe su don kula da layin kansa: ƙirga kurakurai, aika ƙararrawa, ba injiniyoyi hanyar magana da juna, da wani manuni da ke faɗin daidai inda kaya suka fara a cikin ƙunshin. Da wannan manuni aka kashe tsohon ciwon nan, domin yanzu na'ura za ta iya miƙa hannu ta ɗauko E1 ɗaya daga cikin babban layi ba tare da ta warware sauran ba. Aka kuma ƙara da sharaɗin cewa idan an shimfiɗa zare a zobe, wata motar haƙa ta tsinka shi, dole saƙo ya juya ta ɗaya ɓangaren cikin milisakan 50. Mai magana a tarho da ƙyar zai ji wani ɗan ƙaras. Shekaru da dama bayan haka, duk wata sabuwar fasaha da ta zo da iƙirarin maye gurbin SDH, tambayar farko da ake yi mata ita ce ko za ta iya cika wannan milisakan 50.

Ba zan ɓoye ba, zaman kwamiti yana haifar da kurakurai ma, kuma masu sukar ƙa'idoji suna da hujjoji na gaske. A wancan zamanin ne dai aka tsara ATM, fasahar da aka yi fatan za ta ɗauki murya da hoto da bayanai gaba ɗaya a cikin ƙananan ƙunshe masu girma ɗaya. Amurka ta ce kowane ƙunshi ya ɗauki bayit 64, Faransa da wasu ƙasashen Turai suka ce 32, don kada jinkiri ya jawo amsa-kuwwa a kiran tarho. Aka raba gardama a 48, aka ɗora kai mai bayit 5, aka sami 53. Adadin ya yi wa murya girma, ya yi wa bayanai ƙanƙanta, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na layin ya tafi a kan kai kawai. ATM ta yi zamaninta, amma Ethernet, tsarin da kwamfutoci ke haɗuwa da juna da shi, da tsarin intanet suka ture ta.

Kuskure na biyu ya fi tsada, domin a ƙasa aka binne shi. Ƙa'idar G.652 ta 1984 ta bayyana zaren da ya zama ruwan dare a duniya: kauri maikiron 125 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), da cibiya mai kusan maikiron 9 inda hasken ke bi. Wannan zare ba ya baza ƙyaftawar haske sosai a nanomita 1310, amma asararsa ta fi ƙanƙanta a 1550. Sai injiniyoyi suka ce me zai hana a haɗa alheran biyu wuri ɗaya, aka ƙera zaren da bazuwarsa ta zama sifili a 1550, aka ba shi lamba G.653 a 1988. Japan ta shimfiɗa shi da yawa. A daidai wannan lokaci David Payne a Jami'ar Southampton da Emmanuel Desurvire a Bell Labs sun riga sun nuna, a 1987, cewa guntun zare da aka gauraya da sinadarin erbiyam zai iya ƙara wa haske ƙarfi kai tsaye, launuka da yawa a lokaci guda. Wannan ya buɗe ƙofar cusa launuka goma-goma a zare ɗaya. Da aka gwada a kan G.653 sai aka tarar cewa rashin bazuwar nan da aka yi alfahari da shi yana sa launukan su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa na dogon zango, su gauraya, su haifi wasu launuka na bogi da ke gurɓata saƙo. Zaren da aka ɗauka shi ne na gobe ya zama ƙarfen ƙafa. Sai da aka fito da G.655 a 1996 mai ɗan bazuwa da gangan, masu G.653 kuma suka koma amfani da wani yankin haske da ke sama da 1565 don su ceci jarinsu. Tsohon G.652 da aka so a wuce, shi ne ya ci gaba da aiki har yau.

Duk da haka, ni a ganina waɗannan kurakurai biyu suna ƙarfafa hujjar ƙa'ida ne. Da yake an rubuta halayen G.653 a fili, kowa ya san abin da ke cikin ƙasa, kowane mai ƙera na'ura ya iya nemo masa magani. Da sirrin kamfani ɗaya ne, da sai dai a jira rahamarsa. Kuma ka dubi abin da G.652 ya yi: zaren da aka binne lokacin da megabit 565 ke zaman abin taƙama, yau ana tura ɗaruruwan gigabit a kowane launi a cikinsa, an sauya na'urorin da ke bakinsa sau da yawa ba a sake haƙa rami ba. Wanda ya taɓa riƙe injin haɗa zare ya san daɗin wannan. Ka feƙe rigar zaren, ka goge da barasar goge-goge, ka yanke bakin daidai, ka kwantar da shi a 'yar kwarin injin, ka kwantar da ɗan'uwansa da wani kamfani ya ƙera a wata nahiya shekaru 20 bayansa. Injin ya jera su, ya ba da tartsatsi, cikin 'yan sakanni sun zama ɗaya. Wannan ya yiwu ne saboda an yarda da maikiron 125 tun da daɗewa, kuma ba wanda ya kauce.

Haka aka yi da launukan haske. Aka kafa turke a terahaz 193.1 (awon saurin kaɗawar igiyar haske), aka jera launuka daga nan da tazarar gigahaz 100, daga baya 50, a ƙa'idar da yau ake kira G.694.1, a 2012 kuma aka sassauta jerin don kowane launi ya ɗauki faɗin da yake bukata. A 2001 aka sake amfani da lambar G.709 don tsarin OTN, wanda ke naɗe kowane irin saƙo a riga ɗaya mai gyara kurakurai da kanta. Ethernet ma ta shigo ta ƙofar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki: gigabit 1 a 1998, gigabit 10 a 2002, 40 da 100 a 2010, 400 a 2017. A ƙa'idar 2002 har an tanadi wani nau'i da aka rage wa gudu zuwa gigabit 9.953 don ya shige cikin layukan SONET da ke nan.

Faibar da ke shiga gidaje ita ce ta fi nuna abin da nake faɗa, ta fuska biyu. A 1995 wasu manyan kamfanonin tarho, ciki har da BT da NTT da Deutsche Telekom da France Télécom, suka kafa ƙungiyar FSAN. Lissafinsu mai sauƙi ne: in kowa ya yi odar irin tasa na'urar, ba za ta taɓa araha ba, in kuwa suka rubuta bukata ɗaya suka miƙa wa masu ƙerawa, yawan ciniki zai karya farashi. Daga nan G.983 ta fito a 1998, sannan G.984, wato GPON, daga 2003, mai gigabit 2.488 zuwa gida da 1.244 daga gida, zare ɗaya ana raba shi ga gidaje 32 ko 64 da ɗan gilashin da ba ya bukatar wuta. IEEE ta fito da kishiyarta EPON a 2004, wadda ta yi kasuwa a Japan da Koriya ta Kudu da Sin. Masu sayen sun yi wani hangen nesa da ya burge ni ƙwarai. GPON na amfani da nanomita 1490 da 1310, sai aka ware wa magajinta mai gigabit 10, XGS-PON ta 2016, nanomita 1577 da 1270. Saboda haka tsohuwa da sabuwa suna iya zama a zare ɗaya, maƙwabci ya ƙara gudu ba tare da an taɓa layin maƙwabcinsa ba.

Ɗaya fuskar ita ce mai ɗaci. Akwai yaren da na'urar ofishin kamfani ke amfani da shi wajen ba 'yar na'urar cikin gida umarni, ana kiransa OMCI, kuma an rubuta shi da zaɓuɓɓuka masu yawa, an bar wa kowane kamfani filin ƙara nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekaru da dama, na'urori biyu da kowacce ke ɗauke da tambarin GPON suna iya ganin hasken juna sarai amma su kasa buɗe wa mai gida intanet. An sake tsara yaren a G.988, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Broadband Forum kuma ta kawo gwajin tantancewa, abin ya yi sauƙi, amma har yanzu mai ƙaramin kamfanin intanet ya san cewa sayen na'urar ofis daga wani yana nufin ɗaure kai da shi har cikin ɗakunan abokan cinikinsa. Ita ma SFP ɗin da na fara da labarinta, girmanta da ƙafafunta da abin da za a rubuta a ma'ajiyarta duk an amince da su ne a wata yarjejeniya tsakanin masu ƙerawa. An tanadi gurbin suna don a san wanda ya yi kaya, wasu suka mayar da shi kwaɗo.

Masu wannan ɗabi'a suna cewa suna kare inganci ne, wai idan aka zura jabu layi ya lalace su za a zarga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin jabu na nan. Amma maganin jabu gwaji ne da kowa zai iya kai kayansa, da gargaɗi a allo da zai bar mai kaya ya yanke wa kansa hukunci. Rufe kafa gaba ɗaya a daren da layi ya mutu bai kare ingancin kowa ba, asibitoci da makarantu da 'yan kasuwar da ke ƙarshen wannan zare su ne suka biya.

Kuma an sake ganin cewa abin yana gyaruwa da zarar mai saye ya yi ƙarfi. Na'urorin da ke aika haske mai nisa da sabuwar dabarar da ke karanta yanayin igiyar hasken sun daɗe kowane kamfani da sirrinsa, kai biyu dole na gida ɗaya. Sai manyan masu rumbunan bayanai irin su Microsoft da Google suka ce suna son ƙaramar na'ura da za ta kai gigabit 400 tsawon kilomita 120 ko kusa da haka, kuma ta kowane kamfani ta yi magana da ta kowane. Ƙungiyar kamfanonin faiba ta OIF ta fitar da ƙa'idar wannan na'ura, 400ZR, a 2020. Abin da aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba ya yiwu cikin 'yan shekaru, saboda waɗanda suka nema suna da odar da ba mai iya kau da kai daga gare ta. A kebul na ƙarƙashin teku ma haka ta faru, masu zuba jari suka fara sharɗanta cewa su za su zaɓi na'urorin da za a sa a gaɓa, ko da wani ne ya shimfiɗa kebul ɗin.

To ina sauran masu saye, waɗanda ba su kai Google ba? A nan ne nake ganin maganar ta zama ta jama'a. A ƙasashe da yawa gwamnati ce ke zuba kuɗin talakawa wajen shimfiɗa faiba, ko ta ba da tallafi, ko ta ba da izinin haƙa gefen titi. Wannan ƙarfi ne babba, kuma sau da yawa ana zubar da shi a banza. Takardar kwangila za ta ce kaya su dace da G.984, a sa hannu, a yi biki. Wannan jimla ba ta hana komai ba. Kamata ya yi a rubuta cewa kafin a biya, za a kawo na'urorin cikin gida na aƙalla kamfanoni uku a haɗa su a gaban idon masu karɓar aiki, su yi aiki. A rubuta cewa babu kafar da za ta ƙi na'ura saboda suna. A rubuta nau'in zaren da lambarsa, G.652.D a kan hanya, G.657 mai jure lanƙwasa a cikin gini, a kuma ajiye sakamakon awon kowane zare a wurin hukuma, ba a aljihun ɗan kwangila ba. Ƙananan kamfanonin intanet su ma za su iya yin abin da FSAN ta yi, su haɗa odarsu su rubuta sharaɗi ɗaya.

Sannan akwai batun zama a ɗakin da ake yanke shawara. ITU ta samo asali ne tun 1865, lokacin da ƙasashe 20 suka taru a Paris don saƙon tangaraho ya riƙa tsallaka iyaka ba tare da an sake kwafe shi da hannu ba. Yau rukunin nazari na 15 na sashen ƙa'idojinta, wanda ke zama a Jeniva, shi ke rubuta yawancin lambobin da na ambata. Abin da yake fitarwa shawarwari ne, ba doka ba, kuma ana cim ma su ne ta hanyar fahimtar juna, wanda ke nufin muryar wanda ya zo da rubutacciyar gudummawa ita ake ji. Ƙasashen da ke ƙera kaya suna tura injiniyoyi da takardu. Ƙasashen da ke saye kawai sukan tura jami'ai zuwa manyan taruka, su bar ƙananan zaman da a nan ne ake yanke ko zare zai jure zafi nawa, ko na'ura za ta yi yaya idan wuta na ɗaukewa sau goma a rana, ko nisan kilomita 20 ya isa ga yankin da gidaje ke warwatse. Waɗannan tambayoyi ne da mai amfani ya fi mai ƙerawa sanin amsarsu.

Uzurin rashin samun takardu ma ya kau. Tun 2007 ITU ta buɗe ƙa'idojin wannan sashe kyauta a intanet, IEEE kuma tana sakin na Ethernet kyauta bayan wata 6 da wallafa su. Ɗalibin injiniya da ke da waya zai iya sauke G.652 yau ya karanta teburan da ke cikinta, ya ɗauki na'urar awo ya gwada ko zaren da aka binne a gabansa ya cika abin da aka rubuta. Jami'o'i na iya shiga ITU a matsayin mambobi, ana kuma iya halartar zama da yawa daga nesa. An riga an amince da PON, wato tsarin faibar shiga gidaje, mai gigabit 50 a 2021, ana kan aikin abin da zai biyo baya, kuma launukan da za a ware masa da zaɓuɓɓukan da za a bari a buɗe a yarensa ana tattauna su ne yanzu, a zaman da kujerun masu saye da yawa ke zama babu kowa.